Daga Bakin Akwati: Murar da ta cinye jarin mai turare

  

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin maganar sayen hatsi a ajiye kafin ya hau. Ku yi mana afuwa, mun ɗage ta zuwa gaba, don wani abu ya faru a ƙungiyarmu da ya kamata kowace ƙungiya ta ji kafin ranar rabon asusu. Magana ce ta ciwon hanci. Mun san wata za ta ce, to hanci kuma, ina ruwan akwati da majina? Mu ma haka muka ɗauka, sai da littafi ya nuna mana.

Yadda abin ya faro

Akwai wata yayarmu a ƙungiya, ba za mu faɗi sunanta ba, amma da yardarta muke ba da labarin. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Duk amaryar da za a kai ɗaki a unguwarmu, wurinta ake zuwa. Shekara da shekaru ba ta taɓa fashin zubi ba, in ta ɗauki rance kafin wa'adi ta maido. Sai ga shi bara ta fara jinkiri. Sati ɗaya, sati biyu, har wata guda. Muka ci ta tara kamar yadda doka ta ce. Ta biya ba ta ce komai ba. Aka sake, muka sake cin ta tara.

Gaskiya ɗaya ce, sai mun faɗi laifinmu. Mun daɗe muna jin muryarta ta canza, tana magana ta hanci, baki buɗe kullum, hankici a hannu. Mukan ce mata, “Yaya, ke dai murarki ba ta ƙarewa,” mu yi dariya mu wuce. Da muka kwana tare a gidan biki aka yi ta tsokanar ta da minshari. Da kwastomominta suka fara komawa wurin wata, wasunmu suka ce ai ta fara rage kayan haɗi. Ba wadda ta zauna ta tambaye ta.

Ranar da ta kasa kawo ko kuɗin tarar, bayan an rufe akwati, ta tsaya ta ce da ma'ajiyarmu, “Hajiya, shekara biyu ke nan ban ji ƙamshin komai ba. Turaren nan da ido nake haɗa shi.” Ashe miya ma ta sha ƙonewa a kan murhu tana zaune kusa ba ta sani ba, sai ɗiyarta ta rugo daga ɗaki. Mai turare ba hanci, ku duba wannan al'amari.

Lissafin da muka yi da ita

Da yake karatun yaƙi da jahilci ya koya mana cewa abin da ba a rubuta ba ba a san girmansa ba, muka ɗauko kaye da biro muka zauna da ita. Muka ce, “Yaya, tuna mana duk abin da kika kashe a kan hancin nan tun farko.” Shekara 3 ke nan da fara ciwon. Ga abin da ya fito.

Maganin tebur, wato ƙwayoyin mura da na ciwon kai da kafso da ake saye ɗaiɗai a bakin hanya: wajen dala 100 kowane sati. A shekara jika 26 ke nan, a shekara 3 jika 78. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci: kwalba ɗaya kowane wata a kan jika guda, jika 36. Hayaƙi da saiwoyi da allurai da wani mai yawo da jaka ya yi mata: wajen jika 20. Jimla jika 134. Ita kanta sai da ta riƙe baki. Ba ta taɓa fitar da jika 5 a rana ɗaya ba, shi ya sa ba ta ji zafin fitarsu ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan kuma ba shi ne babbar asarar ba. Sau biyu haɗin turaren amare ya lalace mata, ta maida kuɗin mutane, jika 40. Ranakun da ta wayi gari kai kamar an ɗora mata dutse, ba ta iya zuwa Kasuwar Dole sayen kayan haɗi ba, ba su ƙirguwa. Kwastomomin da suka gudu, su ma ba su shiga kaye. Rancen da ta ɗauka da sunan jari, rabinsa magani ya tafi, tana biyan riba a kan kuɗin da bai haifi komai ba, mu kuma muna ƙara mata tara a kai.

Ba a nan kaɗai abin yake haka ba. A Amurka, inda ake rubuta komai, masu bincike sun lissafa abin da ciwon nan ke ci, suka iske asarar ranakun aiki da raguwar ƙarfin aiki ta fi kuɗin likita da magani yawa. To ina ga mu da ba mu da albashi, ranar da ba ki fita ba babu cefane?

Mene ne wannan ciwo?

Muka ciro mata kuɗi daga asusun taimako, ɗaya daga cikinmu ta raka ta CSI na unguwa, aka rubuta mata takarda zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a jikin ƙofa da takardu ake rubuta ORL. Likita ya haska cikin hancin ya ce tsiro ne a duka ƙofofin biyu. Ga bayanin kamar yadda muka fahimce shi.

A cikin ƙasusuwan fuskarmu akwai ƴan koguna da ba komai ciki sai iska: a kumatu, a goshi, tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowane yana da ƴar ƙofa da ke zubo majina cikin hanci. Idan lallausar fatar da ta shimfiɗe cikinsu ta kumbura, ƙofofin su toshe, majina ta taru, shi ne abin da ma'aikatan asibiti ke kira sinizit. Murar yau da kullum takan wuce cikin sati ɗaya ko kwana 10. Amma idan abin ya kai sati 12 bai tafi ba, to ya tashi daga mura ya zama ciwo mai zama. A wurin wasu, fatar nan da ta daɗe a kumbure sai ta saƙo cikin hanci, taushi-taushi, kamar ƴaƴan inabin da aka ɓare. Shi ne tsiron hanci. Likitoci na ƙiyasta cewa cikin manya 100 ana samun 1 zuwa 4 masu shi. Irin wanda ke fitowa a hanci biyun ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani, don haka ba dalilin ƙyamar mai shi ko raba mata kwano.

Alamominsa huɗu ne: toshewar hanci, majina da ke fita ta gaba ko ke gangarawa maƙogwaro, nauyi ko ciwo a fuska, da raguwar jin ƙamshi ko ɓacewarsa. In biyu daga cikinsu suka haɗu, ɗaya ta kasance toshewa ko majina, suka kai sati 12, a je a duba. Mu ƴan asusu ba mu da wahalar ƙirga wannan. Sati 12 zaman zubi 12 ne. Wadda ta zo zubi sau 12 a jere da hanci a toshe, ba mura ke damun ta ba.

Ciwon yakan tafi tare da asma, wadda iyayenmu ke kira fuka. Kuma akwai masu tsiron hanci da asma waɗanda in suka sha asfirin, ko danginta irin ibuprofen da diclofenac, sai numfashi ya sarƙe musu. Waɗannan kuwa su ne ƙwayoyin da suka cika teburan bakin hanya. Duk wadda ta taɓa jin ƙirji ya riƙe bayan shan maganin ciwon kai, ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta mata komai.

Ƙurar hunturu, hayaƙin icce a madafa, hayaƙin turare da na taba, duk suna tsokanar hancin da ya riga ya kumbura. Ba mu ce su kaɗai ke kawo tsiron ba, amma suna ƙara masa wuta.

Inda kuɗi ke zurarewa a banza

Abu uku ne suka fi cinye kuɗin yayarmu, kuma mun tabbata akwai masu yin su a kowace ƙungiya.

Na farko kafso. Tsiron hanci kumburi ne, ba ƙwayar cuta ce ke riƙe da shi ba, don haka shan amoxicillin biyu yau uku gobe ba ya narkar da shi. Akwai lokacin da likita kan rubuta irin wannan magani, amma shi zai ga lokacin. Shan sa barkatai asarar kuɗi ce, kuma ranar da ake buƙatar sa da gaske sai a iske ya daina aiki.

Na biyu maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Yana da amfani ga murar kwana biyu, amma ba a wuce sati ɗaya ana sa shi. In aka zarce, hanci ya saba, da ƙarfinsa ya sake sai toshewar ta dawo fiye da da, sai a ƙara ɗigawa. Yayarmu shekara 3 tana cikin wannan, kwalba na bin kwalba.

Na uku, kuma shi ya fi ba mu tsoro, dekisa. Mun san ta, ƙwayar nan da wasu ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Yayarmu ta gano cewa in ta sha ta kwana uku hanci na buɗewa, har ƙamshi ya ɗan dawo. Gaskiya ne tana sassabe tsiron na ɗan lokaci, shi ya sa likita ma kan rubuta danginta na ƴan kwanaki ƙididdigaggu. Amma shan ta wata da watanni na jawo ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska, raunin ƙashi da lalacewar ido. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba ta yanke ta rana ɗaya, sai likita ya rage mata sannu a hankali. A guje wa kuɗin hanci a faɗa kuɗin ciwon suga na har abada, ina ribar?

Sai kuma roƙo ɗaya. Muna girmama wanzamanmu, suna da aikinsu. Amma kada a bari kowa ya sa ƙarfe ko tsinke cikin hanci da sunan cire tsiro. Wurin yana maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa, kuma jini ne da shi.

Maganin gaskiya da abin da yake ci

Abin da aka ɗora yayarmu a kai kashi biyu ne. Na ɗaya wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma. Wannan kusan kyauta ne. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar ruwa guda, a bar shi ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a motsa. A sunkuya a shaƙa kamar a alwala, ko a tura da sirinji mai tsabta marar allura, a bar shi ya fito. A haɗa sabo kullum. Tafasawar nan dole ce, mun san halin ruwa a Damagaram, na ƴan garuwa ne yau, na rijiya ne gobe. Kuma gishiri aka ce, kada wata ta ce bari ta ƙara kanwa.

Na biyu maganin fesawa a hanci mai rage kumburi, irin su mometasone, fluticasone ko beclometasone. Dangin dekisa ne, amma a hanci yake tsayawa, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ake iya daɗewa a kansa. Sai dai ba ya buɗe hanci nan take. Sai an yi sati da satittika ana fesawa kullum kafin a ga aikinsa. Nan ne da yawa ke yin asara: a sayi kwalba mai tsada, a fesa kwana huɗu, a ce ba ya aiki, a jefa cikin kwalla. A wanke hanci tukuna sannan a fesa, bakin kwalbar ya kalli gefen kunne, ba tsakiyar hanci ba. In an je farmasi a tambaya ko akwai jenerik, wato maganin iri ɗaya na wani kamfani mai sauƙin kuɗi.

Ganin likita da maganin wata 3 na farko, har da kuɗin adaidaita, sun ci wa yayarmu jika 31. Ku aza shi kusa da jika 134. Yanzu tana barci baki rufe, ciwon kan ya ragu, kuma ran nan ta ce ta ji ƙamshin albasa a mai. Amma ba za mu ce muku ta warke ba. Hancin turare bai dawo ba tukuna, ɗiyarta ke shinshina mata haɗi. Likita ya ba ta randebu, ya ce in tsiron bai ja baya yadda ake so ba, sai an yi hoton sikana, daga nan a yi maganar aiki.

Aikin, in an zo gare shi, ta cikin ƙofar hanci ake yin sa, a cire tsiron a buɗe ƙofofin da suka toshe. Kuɗinsa ba na tiyata kaɗai ba ne. Akwai hoto, awon jini, gado, magani, abincin mai jinya, da satittikan da ba sana'a. In kuma aka tura mutum wani gari, Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, Kano ta fi kusa amma akwai iyaka da canjin kuɗi. Abin da ya kamata kowa ta riƙe shi ne tsiron nan yakan dawo bayan aiki, musamman ga masu asma, musamman in aka daina wanki da fesawa. Wanda ya sayar da akuya ya biya tiyata, ya ce an gama, bai ajiye na maganin bayan aiki ba, yana iya komawa gidan jiya. Ciwo ne irin hawan jini, lallaɓa shi ake yi.

Don mu san inda duniya take: tun 2019 aka amince a Amurka da wata allura mai suna Dupixent don masu tsiron da ya gagari fesawa da aiki. Kuɗinta a shekara ya haura dala dubu 30, dalar Amurka fa, ba tamu ta nan ba, wato sama da miliyan 15 na sefa. Ko can sai mai inshora. Mu abin da ke hannunmu shi ne zuwa da wuri, tun ruwan gishiri da fesawa na iya riƙe abin.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai lokacin da ba a ƙirga zubi 12, ba a jiran ranar taro. In ido ya kumbura ko ya yi ja ya turo, in gani ya ragu ko ana ganin abu biyu-biyu, in ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Mu da ke cikin ƙasar sanƙarau ba sai an yi mana dogon bayani ba. Haka kuma in toshewar a hanci ɗaya ce kawai, ko ana yawan haɓo, ko majina na fita da jini da wari, wannan ba irin tsiron da muke magana ba ne sai likita ya tabbatar. Yaro ƙarami ma in aka ga tsiro a hancinsa, a kai shi.

Wa zai biya?

Tun bayan taron Bamako na 1987 ƙasashenmu suka koma tsarin majinyaci ya biya wani abu a asibiti. A Nijar, tun wajen 2006 an ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, haka awon ciki da tiyatar haihuwa. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta da rabi. Duk wannan sauƙi ne, mun gode. Amma mace mai shekara 45 da hanci a toshe ba ta cikin masu kyauta, kuma ragin bai bi ta farmasin waje ba, inda za ta riƙa sayen kwalbar fesawa wata bayan wata. Galibinmu ba mu da inshora. Haƙƙin maigida ne ya kula da lafiyar iyalinsa, kuma muna ba da shawara a nuna masa lissafin a rubuce, don maza da yawa ba su san abin da dala ashirin-ashirin ke tarawa ba. Amma mun san gidajenmu. Akwai zawarawa, akwai waɗanda mazansu ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, akwai waɗanda maigidan ma a hannunsu yake ci.

Tun da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, asusu ya yi mana rana, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Sai dai asusun taimakonmu an gina shi ne a kan abin da ke faɗowa rana ɗaya: haihuwa, rasuwa, gobara, kwanciya asibiti. Ciwon da ke tafe a tsaye, mai shi na zuwa taro da ƙafarta tana gaisawa da kowa, ba mu yi masa wuri ba. Shi ya sa yayarmu ta ɓoye ciwonta cikin rancen jari.

Abin da muke kawowa gaban ƙungiyoyi

Ga shawarwari biyar da za mu kaɗa ƙuri'a a kansu a tamu ƙungiyar kafin rabo. Kowace ƙungiya ta duba wanda ya dace da ita.

Ɗaya, dokar zubi 12. Duk wadda aka ga ciwo ɗaya ya bi ta zaman zubi 12, hanci ne, tari ne, jiri ne, shugaba ko wata babba ta ja ta gefe ta tambaye ta cikin sirri, ba a tsakiyar tabarma ba.

Biyu, kuɗin ganin likita na farko da na mota su fito daga asusun taimako, kyauta, sau ɗaya ga kowace mamba a zagaye guda. Sharaɗi shi ne a kawo takardar asibiti. Ba a biyan maganin tebur da kuɗin akwati.

Uku, rancen lafiya daban da rancen jari: babu riba, wa'adinsa ya fi tsawo, kuma a ba da shi kan takardar magani da likita ya rubuta.

Huɗu, wadda ke da takardar asibiti a ɗage mata tara har ta miƙe.

Biyar, a samu mai karatu ɗaya ta riƙa raka marar lafiya, ta rubuta abin da likita ya ce, yadda za a sha magani da ranar komawa. Ta kuma yi tambaya uku kafin a fito: wata nawa za a yi ana wannan magani, nawa zai ci a wata, akwai mai sauƙin kuɗi?

Da muka kawo maganar, ma'ajiyarmu ta ce, “Ƴan'uwa, ku yi hankali. In muka buɗe wannan ƙofa, kowa na da ciwo, akwati zai koma fanko, ranar rabo a ji kunya.” Maganarta gaskiya ce, kuma aikinta ke nan ta tsare dukiyar mutane. Shi ya sa muka ce kada a taɓa uwar kuɗi ko ribar rabo. A ƙara dala 10 a kan zubin taimako kowane sati, a ware shi a jaka daban, abin da ke cikin jakar shi ne iyaka. Mu 30 ne. Dala 10 sau 30 jika ɗaya da rabi ke nan a sati, a shekara jika 78. Da muka rubuta adadin sai muka ga daidai yake da abin da mace ɗaya ta zubar a teburin mai magani. Da shi mata biyu za su ga likita su sha maganin wata 3, har a yi saura.

Wata kuma ta ce dala 10 ɗin ma nauyi ce ga wasu, balle a watannin bazara da hatsi ke tsada. Wannan ma gaskiya ce. Ƙungiyar da ba ta iya 10 ta fara da 5. Kuɗin tiyata kuwa ya fi ƙarfin akwati ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda ƙungiyoyi suka haɗu a tarayya, a kai maganar can, a ga ko za a yi jaka ɗaya ta manyan ayyuka.

Tarar da muka ci yayarmu, mun zauna mun yarda a maida mata, kuma mun nemi gafararta a gaban kowa. Ta ce ba komai, doka ce. Dokar ce kuwa, amma mu muka rubuta ta, mu ne kuma za mu gyara.

Aikin gida na wannan wata: kowace mamba ta samu shafi ɗaya a kaye, ko ta sa ɗanta ɗan lakwal ya rubuta mata, duk abin da ta kashe a magani daga yau zuwa zubi huɗu masu zuwa, ko na dala 5 ne. Ku kawo a taro ku haɗa jimla, ba sai an faɗi na wance ba. Ƙungiyar da ta yi, ta aiko mana da adadin ta hannun mai rarraba takardar nan, za mu buga a wannan fili. Randebun yayarmu kuma yana cikin wata mai kamawa, za mu faɗa muku abin da likita ya yanke. Ku sa ta cikin addu'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a zubinmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, da maganar hatsi.